Ɗalibi ya canza lamba ɗaya ya ga sakamakon wani: in gyara shafukan ne ko in sake zubin manhajar?

Ɗan_Fagge
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, don abin da ya same ni makon nan ya hana ni barci. Mu uku ne muka gina wa wata makarantar sakandare mai zaman kanta manhajar duba sakamako da biyan kuɗin makaranta, da Laravel muka yi ta, wato kayan aikin gina manhajar yanar gizo da harshen PHP. Ranar Talata da yamma shugaban makarantar ya kira ni, ya ce wani yaro ɗan aji biyar ya nuna wa malaminsu wani abu. Idan ya shiga da sunansa, adireshin shafin sakamakonsa na ƙarewa da 412. Ya share ya rubuta 413, sai ga sakamakon wata 'yar ajinsu, har da hotonta da lambar wayar mahaifinta. Yaron bai san kalmar sirrin kowa ba, bai fasa komai ba.

A daren na toshe shafin. Washegari na bi sauran ɗaya bayan ɗaya, na tarar hanyoyi 64 muke da su masu ɗauko bayanan ɗalibi, kuma 9 a ciki ba sa tambayar ko mai nema shi ne mai kayan. Babbanmu ya ce gyara taran ba zai wadatar ba, sai mun sake zubin ginin, mu bi tsare-tsaren nan da ake maimaitawa irin waɗanda muka karanta a jami'a. Ni kuma ina duba cewa saura mako uku a fitar da sakamakon zango, kuma ban taɓa ganin inda waɗancan zane-zanen littafi suka hana ɓarawo shiga ba. Don Allah waɗanda suka taɓa shiga irin wannan hali, in gyara taran in wuce, ko in bi maganar babbanmu?

Hajiya_Kod
Wa alaikumus salam. Sannu ƙanena, Allah Ya kiyaye gaba. Tambaya ɗaya zan yi maka: wa zai rubuta hanya ta 65? Idan nan da wata biyu makarantar ta ce tana son shafin kiran suna, aka ba sabon yaro aikin, me zai hana shi mantawa? Ku ukun nan kun san aikinku, amma kun manta har sau tara. Muddin tsaron ya rataya a kan kowane mai rubutu ya tuna ya sa layin bincike da hannunsa, to wata rana za a sake mantawa. Ina jin abin da babbanku ya hango ke nan.

Bakatsine_PHP
Ni dai ina bayan Ɗan_Fagge. Ka gyara taran, ka rubuta musu gwaji, ka miƙa aiki. Na yi aiki a wani kamfani inda wani ya dawo daga kwas ya cika manhaja da Factory da Singleton, irin waɗancan tsare-tsaren na littafi, ko'ina, sai ka buɗe fayil goma kafin ka gano inda ake yin ainihin aikin. A cikin irin wannan surƙuƙin ɓaraka take ɓuya, don ba mai iya karanta shi duka. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Mako uku ba lokacin tayar da gini ba ne.

Malam_Sabar
Bari in ɗan koma baya, don na ga abu biyu ake cakuɗawa. Wannan tunani daga wajen magina ya fito. Wani masanin zanen gine-gine mai suna Christopher Alexander, shi da abokan aikinsa, sun fitar da littafi a 1977 da ya tattara matsaloli 253 da ake yawan cin karo da su wajen tsara gari da gida, kowace da maganin da aka jarraba aka ga ya yi. Masu manhaja suka ari dabarar. A 1994 mutum huɗu, Gamma da Helm da Johnson da Vlissides, suka fitar da nasu mai zubi 23. Shi aka koyar da ku a jami'a, kuma Bakatsine na da gaskiya a nan, ba don tsaro aka rubuta shi ba, damuwarsa ita ce yadda manhaja za ta yi sauƙin sauyawa. Na tsaro nasu daban ne. A 1997 Joseph Yoder da Jeffrey Barcalow suka gabatar da guda bakwai, a cikinsu akwai biyu da suka shafi maganarmu kai tsaye: ƙofar shiga ɗaya tak, da shingen bincike a bakinta.

Mu da muka tashi a gidan ƙasa ba sai an yi mana dogon bayani ba. Gida kewaye yake da katanga, hanyar shiga ɗaya ce, zaure. A nan baƙo ke sallama, a nan ake sanin ko wane ne da abin da ya kawo shi. Magini bai ƙirƙiro zaure saboda gidanka ba, gadonsa ya yi, yana maimaita shi daga wannan gida zuwa wancan, girma da ado ne kawai ke bambanta. Manhajarka, Ɗan_Fagge, gida ce mai ƙofa 64, ka ɗaukar wa kowace ƙofa mai gadinta, tara ba su zo aiki ba.

Zainabu_Gwaji
Malam, Allah Ya ƙara sani, amma ina da ɗan gyara. Yaron nan ta zaure ya shigo, ya yi sallama aka amsa, ɗan gida ne. Bayan ya shigo ne ya wuce ɗakin da ba nasa ba ya buɗe akwati. Tantance ko kai wane ne daban, izinin taɓa wannan kayan daban. Yawancinmu da mun gama shafin shiga sai mu ɗauka mun gama tsaro.

Gwajin manhaja ne aikina, kuma canza lamba a adireshi shi ne abin da nake fara yi kafin komai, don yana yawan ci. A jerin manyan haɗura goma da OWASP, ƙungiyar masu tsaron manhajojin yanar gizo, ta fitar a 2021, karyewar tsarin izini ne ya zo na ɗaya. A watan Mayun 2019 aka gano wani babban kamfanin inshorar takardun mallakar gidaje a Amurka, First American, ya bar takardu kimanin miliyan 885 a buɗe, har da bayanan asusun banki, kuma dabarar ita ce dai wadda ɗan aji biyar ɗinka ya yi: ka samu adireshin takarda ɗaya, ka canza lamba, ka ga ta wani. Su ma ko kalmar sirri ba a tambaya.

Malam_Sabar
Gaskiyarki 'yata, na karɓi gyara. Ko a gidan ma ai bayan zaure akwai shigifa, akwai cikin gida, akwai turaka, kowanne da wanda aka yarje wa. Jerome Saltzer da Michael Schroeder na MIT sun rubuta ƙa'idoji takwas tun 1975, ɗaya a ciki na cewa duk lokacin da aka nemi taɓa wani abu, kowane abu ne, sai an duba izini. Ba sau ɗaya a bakin ƙofa ba.

Sabon_Shiga
Ku yi haƙuri, ni har yanzu koyo nake. Me zai hana ya canza lambobin su zama UUID, waɗannan dogayen da ba a iya cinkarsu? Ai yaron ba zai san abin da zai rubuta ba.

Zainabu_Gwaji
@Sabon_Shiga tambayarka na kan hanya, kuma yana da kyau a yi hakan, yana hana a bi lambobi a jere a kwashe komai. Amma ɓoye ɗaki ba kulle shi ba ne. Adireshin zai fita: uwa za ta tura wa ƙanwarta ta WhatsApp, zai zauna a tarihin burauzar kwamfutar shagon intanet, malami zai manna shi a rukunin iyaye bisa kuskure. Duk wanda ya tsince shi ya shiga. A sa UUID, a kuma sa bincike.

Ɗan_Maraɗi
Salamu alaikum. Mu a nan da Symfony muka fi aiki, wani kayan aikin PHP irin Laravel. Akwai abin da ake kira Voter, shi ke yanke hukuncin izini, kuma abin da na fi so game da shi, idan aka tambaya duk masu hukuncin suka yi shiru, amsar ita ce a'a. Wannan ma yana cikin takwas ɗin da Malam ya ambata: idan ba a ba da izini ƙarara ba, to an hana.

Na ga amfanin wannan da idona a wata manhajar ƙungiyar manoma da na gada daga wani. Shi jerin shafukan da aka hana ya rubuta, duk abin da ba ya cikin jerin a buɗe yake. Kowane sabon shafi a buɗe ake haihuwarsa sai an tuna an rufe. Na juya abin, komai a rufe sai wanda aka buɗe. Mako na farko an yi ta kira na, ma'aji ya kasa ganin wannan, sakatare ya kasa buga wancan. Amma irin wannan kuskuren yana kawo kansa, mutum zai ɗaga waya ya yi ƙorafi ka gyara. Ɗayan kuskuren ba wanda zai kira ka, wanda ya gano shi shiru zai yi ya ci gaba da kallo. Ɗan_Fagge ya yi sa'a yaronsa mai amana ne.

Hajiya_Kod
@Bakatsine_PHP ba wanda ya ce a tayar da gini. Abin da ake buƙata bai wuce aikin kwana huɗu ko biyar ba.

Ƙanena, ka daina ɗauko sakamako da lambarsa kaɗai. Ka fara daga mutumin da ya shigo, ka ce a cikin sakamakon wannan ɗalibin a ba ni mai lamba kaza. Idan mai 412 ya nemi 413, rumbun bayanai zai ce babu, domin a cikin nasa aka duba. Dokar wa zai ga me kuma ta koma wuri ɗaya, cikin Policy, wadda Laravel ya riga ya tanada: ɗalibi nasa, uba na 'ya'yansa, malamin aji na ajinsa, shugaba duka. Sai abin da ya fi komai muhimmanci a wajena, gwaji guda da zai zagaya duk hanyoyin manhajar. Duk hanyar da ba ta ratsa ta Policy ba, kuma ba ta cikin ɗan gajeren jerin shafukan da aka buɗe wa kowa, gwajin ya faɗi, aikin ya ƙi hawa sabar. Ranar da sabon yaro ya manta a hanya ta 65, kwamfuta ce za ta tuna masa kafin ɗalibi ya tuna masa.

Rabi_Rails
Mu da Pundit, wani kayan binciken izini, muke yin wannan. Akwai wani layi da ake sawa sau ɗaya, idan aiki ya kammala ba a kira binciken izini ba sai manhajar ta yi kuskure da gangan tun a kwamfutar mai rubutu. Ya cece ni ba sau ɗaya ba.

Python_Zariya
Ina so in ja hankalin masu cewa ai Laravel ko Django, takwaransa na harshen Python, sun gama komai. Django REST Framework, idan ba ka saita izini da kanka ba, kowa yake bari ya shiga. Shi kansa Django sai a 2024, a siga ta 5.1, ya zo da abin da ke tilasta shiga a kowane shafi sai wanda ka cire, kuma shi ma sai ka kunna shi. Kayan aikin suna nan, amma yadda za a jera su aikinka ne.

Inda na ga zubi ya yi nasara sosai shi ne wajen SQL, harshen da ake tambayar rumbun bayanai da shi. Da can kowa haɗa tambayar rumbun bayanai yake da abin da mai amfani ya rubuta, kamar ana ɗinke zance, sai a ce masa ya tuna ya tsabtace. Mutane ba su daina mantawa ba. A 2015 ta wannan kafar aka shiga kamfanin sadarwa na TalkTalk a Birtaniya, hukuma ta ci su tarar fam 400,000. Abin da ya rage matsalar shi ne raba umarni da bayani, umarni ya tafi ta hanyarsa, bayani ta tasa, kuma aka mayar da hakan hanya mafi sauƙi a kusan kowane kayan aiki. Yau yaro zai shekara yana rubutu da Eloquent, kayan Laravel na magana da rumbun bayanai, bai buɗe wannan kafar ba, alhali bai ma san sunanta ba.

Bakatsine_PHP
To na ji, idan iyakar abin ke nan da Hajiya ta faɗa ba ni da ja. Amma ga wata tambaya. Idan ka tara duk tsaro a wuri ɗaya, ranar da wurin ya samu matsala fa? A Fabrairun 2014 Apple ta fitar da gyara saboda layi ɗaya da aka maimaita sau biyu a wurin tantance sa hannun sabar, sai binciken ya riƙa tsallakewa yana cewa komai lafiya, a iPhone da Mac baki ɗaya. Wata biyu bayan nan aka gano ɓarakar Heartbleed a OpenSSL, manhajar ɓoye sadarwa da ɗimbin sabobi ke amfani da ita. Disambar 2021 aka gano ɓaraka a Log4j, wani kayan rubuta rajistar manhaja, duniya ta kwana a tsaye saboda kowa abu ɗaya ya ɗauko ya sa. Maimaita abu na maimaita aibinsa.

Malam_Sabar
Magana ce mai nauyi, amma a raba zubi da tubali. Log4j da OpenSSL tubali ne, wani ya buga, kowa ya saya ya ɗora, idan ƙasar ba ta da kyau duk gidajen sun shiga uku. Zubi kuwa tsari ne na inda za a sa ƙofa da katanga, kowa da tubalinsa yake ginawa. Misalinka na Apple shi ne ya fi kusa da gaskiyar ƙorafinka, na yarda shinge ɗaya na iya lalacewa. Sai dai ka kwatanta: shinge ɗaya mai layi hamsin, mutum uku za su iya zama su karanta shi harafi-harafi, su rubuta masa gwaji ashirin, idan aka ga aibi a gyara wuri ɗaya. Shinge 64 wa zai yi musu haka?

Kuma ba a cewa a dogara da shi kaɗai. Equifax, kamfanin tattara bayanan bashi a Amurka, a 2017 ta wata kafa a kayan gina manhaja na Apache Struts aka shige su, alhali facin ya fito tun watan Maris ba su sa ba. Abin da ya mayar da ita babbar musiba shi ne da masu kutsen suka shiga ba su tarar da wata katanga a ciki ba. Sun tsinci fayil ɗauke da kalmomin sirri a fili, suka bi da su zuwa wasu rumbunan bayanai da ba su da alaƙa da manhajar da aka fasa, suka yi sama da wata biyu suna ɗiba. Bayanan mutum kusan miliyan 147 suka tafi.

Abu_Linux
Tunda an zo nan bari in kawo misalin da na fi ƙauna. Tsohon Sendmail, manhajar aika imel, babban shiri ne guda mai gudana da cikakken ikon root, wato asusun da ke iya yin komai a inji, duk wanda ya samu kafa a ko'ina a jikinsa ya mallaki injin. Tsutsar Morris ta 1988, wata muguwar manhaja mai yaɗa kanta, ma ta bi ta cikinsa. Daniel Bernstein da ya zo rubuta qmail sai ya yanka aikin gunduwa-gunduwa: mai karɓar wasiƙa daban, mai jera ta daban, mai aikawa daban, suna gudana a ƙarƙashin asusu daban-daban masu ƙaramin iko, kuma ba su yarda da juna ido rufe ba. A 1997 ya sa ladan dala 500 ga wanda ya gano ɓarakar tsaro a ciki. Wietse Venema ya bi irin wannan hanya a Postfix. A 2002 Niels Provos ya kawo raba iko cikin OpenSSH, manhajar shiga sabar daga nesa: ɓangaren da ke magana da baƙon da ba a tantance ba an tsare shi a wani fanko ba shi da iko, idan yana buƙatar wani abu mai nauyi sai ya roƙi uwar shirin, ita kuma 'yan buƙatu ƙalilan kawai take amsawa. Chrome da ya fito a 2008 shi ma ya killace masu zana shafuka daban. Mutane daban, shekaru daban, zubi ɗaya. A 2009 cibiyar CERT ta jami'ar Carnegie Mellon ta tattara irin waɗannan a rahoto guda, kuma qmail da Postfix da OpenSSH na cikin misalanta.

Don kada Bakatsine ya riga ni: a Yulin 2024 kamfanin Qualys ya bayyana wata ɓaraka a OpenSSH da za ta iya ba da root, domin ta faɗo ne a ɓangaren mai iko. Zubin yana rage girman wurin da za a iya cutar da kai, bai mayar da shi sifili ba.

Ɗan_Fagge, da wane asusu manhajarku ke shiga rumbun bayanai?

Ɗan_Fagge
Da root, Yaya Abu. Haka muka saita tun ranar farko a kwamfutata, haka muka ɗora.

Abu_Linux
Wannan ka gyara shi yau, ba ya ɗaukar awa guda. Ka buɗe asusu mai ikon karantawa da rubutawa a rumbun makarantar kaɗai, ba ikon goge tebur, ba ikon leƙa wani rumbun. Na sauya fasalin tebura kuma ya zama daban, sai ranar ɗora sabon aiki ake amfani da shi. Idan akwai manhajar wasu abokan cinikin a kan sabar ɗaya, to a halin yanzu kafa ɗaya a taku ta isa a kwashe nasu.

Ummi_Hausa
Ku yi mini afuwa zan ɗan karkata. Ina koyar da 'yan mata rubuta manhaja, kuma ina neman kalmar da zan riƙa amfani da ita. Na ga Malam na cewa zubi. Ni salo nake cewa, wani malami kuma tsari. Wanne ya fi?

Malam_Sabar
Salo ya fi karkata ga ado, tsari kuma ya yi faɗi, komai tsari ne. Zubi na ɗauka domin muna cewa gidajen nan zubinsu ɗaya, ko 'ya'yan nan zubinsu ɗaya, wato siffa ce da ke maimaituwa ko da kayan sun bambanta. Amma ban kafe a kai ba.

Ɗan_Maraɗi
Ni da tela nake yi wa yara misali. Yankan babbar riga sananne ne, kowane tela ya gada, amma sai ya auna mai rigar. Wanda ya kwafo zubi daga littafi bai auna manhajarsa ba, shi ne ke haifar da surƙuƙin da Bakatsine ya gani.

Ɗan_Fagge
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Ga inda aka kwana. Mun bi shawarar Hajiya, kwana uku muka yi. Gwajin da ke zagaya hanyoyi ya kamo guda 2 da ni ban gani ba da na bi da ido, ashe 11 ne ba 9 ba. Root ma an cire.

Amma jiya na ga wani abu da ya fi tayar mini da hankali. Takardar sakamako ta PDF da iyaye ke saukewa, idan an ƙirƙire ta muna ajiye ta a babban fayil ɗin da muka haɗa da public, wato wurin da sabar ke buɗe wa kowa, sunan kowace takarda kuma lambar shigar ɗalibi ce. Wannan ba ta biyowa ta Laravel sam, sabar ce ke miƙa ta kai tsaye. Na fita daga asusuna, na buɗe burauza a wayar ƙanwata, na rubuta adireshin, takardar ta sauko. Policy ɗinmu na zaune a zaure, ashe akwai taga a bayan gida.

Zainabu_Gwaji
Wannan ita ce ta biyu da nake gwadawa bayan canza lamba, kuma ya kamata a ce na ambata maka ita tun farko. Ka kwashe su zuwa ma'ajiyar da sabar ba ta miƙawa, saukewa ta zama hanya kamar sauran, ta ratsa Policy sannan manhaja ta miƙa fayil ɗin. Ka duba hotunan ɗalibai da rasit na biyan kuɗi, ina kyautata zaton wuri ɗaya suke. Sannan ka bincika ko Google ya riga ya kwashi wasu.

Bakatsine_PHP
Kun ga abin da nake tsoro ke nan. Mutum ya gina shinge mai kyau sai hankalinsa ya kwanta. Ba zubi ne ya gano tagar nan ba, Ɗan_Fagge ne da ya zauna yana zargin aikinsa.

Hajiya_Kod
Haka ne, amma me ya sa ya lura? Don yanzu yana da doka ɗaya a kansa, komai sai ya bi ta wuri kaza, shi ya sa abin da bai bi ba ya fito fili. Lokacin da ƙofofi ke 64 ba ta yadda za a yi taga ta yi kama da baƙon abu.

Lauya_Bauchi
Ni ba mai rubuta manhaja ba ne sosai, amma akwai ɓangaren da ba a taɓo ba. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da bayanai, a nan makarantar, sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72 da sanin an keta bayanai idan abin na iya cutar da masu su, kuma wanda ke sarrafa bayanan a madadin makarantar wajibi ne ya sanar da makarantar. Bayanan yara ne wannan. Ɗan_Fagge, ka rubuta wa makarantar duk abin da kuka gano, har da maganar PDF, a rubuce ba a waya ba, kuma ku adana rajistar sabar kada ta goge. A cikinta ne za a ga ko yaron nan kaɗai ne ya taɓa gwadawa.

Ummi_Hausa
Don Allah kada a hukunta yaron. Ya gani ya kai wa malaminsa, a gode masa a gaban iyayensa.

Ɗan_Fagge
Ba a hukunta shi ba, Anti Ummi, na roƙi shugaban da kaina. Barista, na kwafe rajistar, yau da dare zan zauna a kanta, wasiƙar kuma babbanmu zai sa hannu gobe.

Sai wata da ta taso da muke rubuta dokar malamai. Malamin da ya riƙe aji biyu bara, bana aka mayar da shi aji huɗu, shin yana da ikon ganin sakamakon da shi ya shigar bara? Shugaban ya ce e, mataimakinsa ya ce a'a. A yanzu mun bar shi a rufe har su daidaita.

Ɗan_Maraɗi
Ka bar shi a rufen. Amma ka tambaye su a rubuce, kuma ka tambaya har da malamin da ya bar aiki a tsakiyar zango, wa ke rufe asusunsa, kuma a wace rana.